Sanyi ne ko hayaƙin sigari? Muhawara a zauren 'yan uwa

Yaya Babba: Assalamu alaikum. An sallamo ɗan Auta daga asibiti jiya bayan kwana 5. Likita ya ce limoniya ce, wato ciwon huhu, amma alhamdulillahi ya fara kama nono.

Goggo: Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai na sha faɗa, yaro ɗan wata 8 a cikin hunturun nan ba a wasa da shi. Sanyi ne ya shige masa haƙarƙari.

Auta: Goggo, wallahi tun da sanyi ya shigo ban kunna fanka ba. Da ruwan ɗumi nake masa wanka, hula da safa ba sa barin jikinsa. Abin da likita ya fara tambayata shi ne ko akwai mai shan taba a gidan. Na ce babansa yana sha da daddare a ɗaki, tagogi a rufe saboda ƙura. Sai ya ajiye biro ya dube ni.

Kawu: To fa, an dawo kan masu sigari. Na fi shekara 30 ina sha, 'ya'ya 9 na haifa, ba wanda aka taɓa kwantarwa. Yaron shi ya zuƙa?

Yaya Nas: Kawu, ka yi haƙuri, ya zuƙa. Duk abin da ya tashi daga bakin karan da wanda babansa ya fesar, a iskar ɗakin yake tsayawa, kuma jariri ya fi babba saurin numfashi. Goggo, limoniya ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, iska mai sanyi ita kaɗai ba ta haifar da ita. A hanyoyin numfashi akwai wasu 'yan ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙwayoyin cuta zuwa waje. Hayaƙin taba, mai ɗauke da sinadarai sama da 7,000, yana kashe musu ƙarfi. Sai mura ta yau da kullum ta samu hanya ta gangara huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 cutar ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000, kuma ta ambaci shan tabar iyaye cikin abubuwan da ke jawo ta.

Goggo: To me ya sa sai da hunturu take yawa?

Yaya Nas: Lokacin ne ake cunkushewa ɗaki ɗaya, a rufe ko'ina, a shigo da kaskon gawayi, a ƙara da turaren wuta. Ga ƙura, ga mura tana zagaya gida.

Kawu: Yauwa, kin zo inda nake jira. Matan da ke goye da yara a gaban murhu, idonsu na zubar da hawaye saboda ɗanyen itace, su fa? Wannan hayaƙin bai fi kara biyu na sigari ba?

Yaya Nas: A nan kana da gaskiya, ba zan musa ba. Hukumar ta danganta kusan rabin mace-macen limoniyar ƙananan yara da hayaƙin girki a cikin gida. Amma ɗaya ba ya wanke ɗaya, tarawa suke yi a huhu guda. Kuma Auta da gas take girki. Mai murhu talauci ne ya ɗaure ta, dole a ci tuwo. Sigari kuwa takawa goma ce zuwa ƙofar gida.

Yaya Babba: Kawu, ni na tuna a zaure kake shan taka, ba ka taɓa kunnawa a ɗakin Inna ba. Wataƙila shi ya tsare su.

Auta: Abin da ya fi tsaya mini shi ne daren da muka tafi. Na ɗaga rigarsa na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska. Kwana biyu ina ba shi maganin tari daga kemis.

Yaya Nas: Wannan lotsawar kar a ƙara kwana da ita a gida. Ku ƙirga numfashi na minti guda yaro yana kwance shiru: daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ya yi yawa, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. Auta, ki duba katinsa ko ya samu rigakafin sati 6, 10 da 14. Ki ƙarasa ba shi maganin asibiti ko da ya warware. In ana shan taba a ɗaki, buɗe taga ba ya wadatarwa, haka ma a mota.

Goggo: Na ji. Amma hular nan kar a cire.

Auta: Ba za a cire ba, Goggo. Ni dai ban san yadda zan yi wa babansa maganar ba tare da ya ga kamar na ɗora masa laifi ba. Shi ma kwana ya yi a tsaye a bakin gadon.

Yaya Babba: Bar mini wannan, zan same shi gobe bayan Magariba.

Kawu: Ka biyo ta nan mu tafi tare. In ka ce masa ya daina gobe ba zai iya ba, na san abin. A fara da fitar da ita daga ɗakin.