A-kori-kura tana mutuwa a gosulo idan ta ɗau zafi: wa ya taɓa fama da wannan?

Mai Gwari, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Hilux ce mai fetur, injin 2.7, da ita nake raba tumatur da tattasai daga Mile 12 zuwa gidajen abinci a Ikeja da Surulere. Da asuba bugu ɗaya take tashi. Amma da rana ta take muka faɗa gosulon Ojota ko Maryland, sai ta fara shaƙewa. In na ba ta wuta ta yi kamar za ta tafi, sai ta ja da baya, ta yi kakari, ta mutu. In na bar ta ta huce sai ta tashi kamar ba ita ba. An canza fulogi, an wanke nozul, an sa sabuwar matatar iska, duk jiya i yau. Yanzu bakanike ya ce famfon mai ne. Kafin in sake zuba kuɗi ina son jin ta bakin waɗanda abin ya taɓa samu, don kun san kayan gwari ba sa jiran mota ta huce.

Tsohon Direba, Agege:
Wa alaikumus salam ɗana. Tambaya ɗaya: man nawa kake zubawa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yawancinmu muka koma sayen na cefane, allura kullum tana kwance a kan ja. Shi kuwa famfon nan a cikin tanki yake zaune, man da ke kewaye da shi da wanda ke bi ta cikinsa shi ke sanyaya shi. Ga tanki ba mai, ga kwalta tana huro zafi daga ƙasa, ga mota a tsaye, dole ya galabaita. Tawa haka ta yi mini a hawan gadar Oshodi. Kafin ta kai ga mutuwa na daɗe ina jin wani siririn kuka daga bayan kujera, wajen tanki, wanda da ba na jin sa. Ka cika ta ya wuce rabi, ka bi hanyar da ka saba a lokacin da ka saba. In ta yi sauƙi to ka kama bakin zaren. Amma ka sani famfon da ya riga ya fara kuka cika tanki ba ya warkar da shi, jinkiri kawai yake saya maka.

Rewaya, Idi-Araba:
Baba, maganarka dutse, amma a yi mini uzuri, ba kowane famfo da aka cire ba ne mai laifi. An taɓa jawo mini wata a-kori-kura da aka sa wa sabon famfo, ta ci gaba da mutuwa, aka ce jabu ne aka sake wani, ba ta daina ba. Na sa mita a kan batir mota na aiki, ya ba ni volt 14 da ɗan wani abu. Na shiga ƙarƙashi na auna a soket ɗin da ke saman tanki, ko 10 bai kai ba. Da na zare soket ɗin, fil ɗaya ya ƙone ya yi baƙi, robar ta narke a gefensa, wayar atin kuma inda aka ɗaure ta a jikin shasi tsatsa ta cinye ta. Iskar Legas da gishiri take zuwa, ga shiga ruwa da damina. Waya mai tsatsa in ta ɗau zafi wutar da take bari ta wuce raguwa take yi, famfo ya rage gudu, mota ta shaƙe. Daidai abin da Mai Gwari ya faɗa.

Rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta, shi ma yana yin haka. Mafi arhar gwaji shi ne a musanya shi da wani irinsa sak da ke cikin akwatin fiyus a gani. Masu Ford F-150 na wajen 2004 zuwa 2008 kuma su duba ƙaramin akwatin da ke sarrafa famfo, wanda ke saman tayar safaya. Jikinsa alminiyam ne a ɗaure kan ƙarfe, yana ruɓewa har ruwa ya shiga.

Wani abu kuma. Ana yawan cewa ka murɗa makulli ka saurara, in ba ka ji famfo ya yi ƙara ba ya mutu. Wannan ba a kowace mota ba ne. Toyota da yawa ba sa kunna famfo sai injin ya fara juyawa. Kada shiru ya sa a yanke masa hukunci.

Bakanike, Mushin:
Duk wanda ya ce maka famfo ne bai ɗaura geji ba, duban boka ya yi maka ba gyara ba. Alhaji, ka nemi garejin da ke da gejin auna ƙarfin mai. Yawancin injinan Toyota ba su da ɗan bakin da ake ɗaura geji a kan bututun nozul kamar motocin Amurka, sai an kwance layin mai an sa mahaɗa mai baki uku. Don haka wasu ke gudun aikin. A fara cire fiyus ko rile na famfo a bar injin ya mutu da kansa don ƙarfin da ke cikin layi ya sauka, a naɗe mahaɗar da tsumma, kada kowa ya matso da sigari, abin kashe gobara yana kusa. Na ga fetur ya fesa wa yaro a ido, ba abin wasa ba ne.

Motocin fetur masu nozul irin naka galibi tsakanin psi 40 zuwa 50 suke aiki (psi shi ne awon ƙarfin mai a jikin geji), ainihin lambar tana littafin injin. Amma lambar da aka gani a gareji mota da sanyi ba ta gaya maka komai, tunda da safe ai lafiya take. Ni abin da nake yi, in jawo gejin in maƙale shi a ƙarƙashin waifa yadda zan gan shi ta gilashi, in ɗora wa motar kaya in akwai, mu shiga hanya har ta yi abin nata ina kallo.

In allura tana ƙasa tun da sanyi, ta ƙara faɗuwa duk sanda aka taka, na fi zargin toshewa: filta, ko 'yar rariyar da ke gindin famfo, ko tiyo da ya lanƙwashe. In da sanyi tana daidai, sai mota ta gasu ta fara zamewa a hankali kafin injin ya mutu, to ko famfo ya gaji ko wuta ba ta isa gare shi, a nan sai a kira rewaya ya auna a daidai wannan lokacin. In kuwa injin ya mutu allura na tsaye ƙyam a inda take, ku rabu da tanki, ba mai ba ne.

Bayan an kashe mota ma a ci gaba da kallo. Littafin Toyota na injina da yawa yana son ƙarfin ya tsaya a psi 21 ko sama da haka bayan minti biyar. In ya zube nan take, akwai inda yake tsiyaya: ko nozul, ko bawul ɗin cikin famfo, ko regileta mai daidaita ƙarfin mai. Motocin da regiletarsu ke kan injin da siririn tiyon iska, a zare tiyon a shinshina. In da fetur a ciki regiletar ta fashe.

Kwamfuta tana taimakawa amma ba ta kama ɓarawo. In ta nuna lambar P0171, cewa kawai take iska ta fi mai yawa, kuma tiyon iska da ya tsage ma yana jawo shi.

Hajiya Mai Ruwan Leda, Ikorodu:
Ni ba direba ba ce, mai biyan kuɗin gyara ce. A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol aka yi ta layi a gidajen mai, yaran shagona suka koma saye wurin 'yan bumburutu a jarka. Ba zan iya rantsuwa wane mai ne ya yi ɓarnar ba, amma tun daga nan motar ta fara tari tana tsayawa da lodin ruwa a tsakiyar titi. Wani dattijon bakanike ya zuƙo man tankin ya zuba a farar kwalba ya ajiye a kan benci ya ce in zauna. Ina kallo ya rabu biyu, fetur a sama, wani ruwa mai duhu-duhu ya kwanta a ƙasa. Da aka sauke tanki abin da ke gindinsa kamar ƙasan randar da aka shekara ba a wanke ba. Rariyar famfon ta toshe ta yi baƙi ƙirin. Aka wanke tanki, aka canza rariya da filta, famfon kuma tsohon aka mayar, har yau shi ke aiki. Malam Mai Gwari, ko da an ce sai ka sayi sabon famfo, kada ka yarda a sa shi a tanki mai datti.

Ɗan Kara, Berger:
Tawa dariya ce. In na yi tafiya mai nisa a titin Ibadan sai ta fara rasa ƙarfi, in na tsaya na buɗe murfin tanki sai in ji ya ja iska fuuu, daga nan ta warke. Hanyar da tanki ke shaƙar iska ce laka ta toshe. In taka ta mutu ka buɗe murfin ka saurara, kyauta ne.

Mai Gwari, Mile 12:
Allah ya saka da alheri. Oga na Mushin, na sami mai geji a nan Ketu, mun yi yadda ka ce. Da sanyi allura tana wajen 42. Muna cikin gosulo ta soma sauka, tana zuwa wajen 25 motar ta fara kakari. Rewaya ya auna soket a take, wuta cikakkiya ce, fil ɗin ma tas. Murfin tanki bai ja iska ba. Ke nan maganar Baba ce ta fito. Yanzu tambayar: sabo na kwali ko na tokumbo?

Ɗan Kasuwa, Ladipo:
Alhaji, a nan za ka sami famfo kala-kala a kwali iri ɗaya, kuɗin ne ya bambanta. In an gaya maka farashin da ya yi daɗi da yawa, ka san dalili. Ni a ra'ayina, in aljihu ba zai ɗauki na asali sabo daga dila ba, gara cikakken saiti na tokumbo da aka ciro daga mota irin taka, da kwandonsa da regiletarsa, a kan sabo marar suna. Ka zo da tsohon a hannunka a gwada tsayi da soket. Kuma kada ka yarda da gwajin da ake yi na taɓa shi a batir ya yi ƙara. Juyawa daban, turo mai da ƙarfi daban, kuma juya shi a bushe ma cutar da shi ne. Ku yi yarjejeniya cewa in an ɗaura geji bai kai ba za ka dawo da shi.

Ka sa ido a kan ɗan gajeren tiyon da ke haɗa famfo da murfin saitin a cikin tanki. Yana tsagewa, mai ya riƙa komawa tanki tun bai fita ba. In za a canza shi sai da irin wanda aka yi don zama cikin fetur. Tiyon mai na waje in ya jiƙu ciki da bai kumbura yake ya saɓule.

Ɗan Autan Gareji, Alaba Rago:
Ga masu karantawa da tasu ba ta yi kamar ta Alhaji ba: ta maigidana ita ma sai ta yi zafi take mutuwa, amma ba ta kakari, ɗif take ɗaukewa kamar an zare makulli. Muka fesa ɗan maganin wanke kafireto a bakin iska muka buga, ko tari ba ta yi ba. Da mai ne ya yanke da ta kama na daƙiƙa biyu. Sensar kiranshaf ce, wadda ke gaya wa kwamfuta cewa injin yana juyawa, in ta yi zafi ta daina ba da sigina. Wannan gwajin na motar fetur ne kawai.

Direban Kamfani, Apapa:
Gara da ka faɗi haka, don masu dizal lissafinsu daban ne. Hilux ɗin da nake ja mai injin 2KD ce. Ta riƙa rasa ƙarfi a hawan gadar Ijora, fitilar injin ta kama, wani lokaci ta mutu a silo. Kwamfuta ta ba da P0087, wato ƙarfin mai a layi ya yi ƙasa, nan take aka fara maganar babban famfo, kuɗin da ya kusa sa manaja hawan jini. Wani bakanike ya danna ɗan famfon hannu da ke saman filta ya ji shi laushi, ba ya tauri. Ya sa farin tiyo a layin, muna kallo kumfa na wucewa. Iska take sha ta kan filtar. Aka canza kan da filta, aka tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta, magana ta ƙare. Ya ce in da ba a ga kumfa ba, abu na gaba da zai duba shi ne ƙaramin bawul ɗin lantarki da ke jikin babban famfo, wanda ke ƙayyade man da ke shiga, shi ma yana maƙalewa kuma ana canza shi shi kaɗai.

Don Allah kada kowa ya sassauta bututun nozul na irin wannan injin yana aiki, yadda ake yi wa tsofaffin motocin dizal. Ƙarfin da ke ciki ya fi dubu a awon da ake kira bar in ana tafiya, yana huda fata.

Tsohon Direba, Agege:
Oga na Mushin, ni ma bari in ci albarkacin zancen. Yaran yanzu suna cewa wai Hilux ba ta da filtar da ake canzawa. Haka ne?

Bakanike, Mushin:
Baba, ya danganta da shekarar mota da ƙasar da aka yi ta dominta. Wasu filtar tana waje, a jikin shasi ko a gefen injin ƙarƙashin manifol inda hannu ke shan wuya, shi ya sa yara ke cewa babu. Wasu kuma tana haɗe da saitin famfo a cikin tanki. Ka bi layin mai da ido daga tanki zuwa injin, in akwai za ka ci karo da ita. Alhaji Mai Gwari, taka in ta waje ce a canza ta rana ɗaya da famfon, kuma kafin ka biya kuɗin aiki a sake ɗaura gejin ku koma gosulon Ojota da lodi.