Dare ɗaya a Halloween Horror Nights na Orlando: gidajen tsoro nawa za su shigu?

Baban Hauwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirin zuwa Orlando da ke Amurka a tsakiyar Oktoba, ni da maiɗakina da ƙanena mai shekara 19 da 'yata mai shekara 11. Ƙanen nawa ya kafe sai mun je Halloween Horror Nights, bikin tsoratarwa da ake yi da dare a filin shaƙatawa na Universal Studios Florida, kuma dare ɗaya kawai muke da shi, wataƙila Asabar. Shin tikitin shiga wurin da rana ya wadatar? Gidajen tsoron nan goma da ake faɗa, duk za su shigu a dare ɗaya? Sannan yarinyar fa, a je da ita ko a bari? Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Malam Ɗanjuma:

Wa alaikumus salam Baban Hauwa. Tikitin rana bai wadatar ba. Na daren daban yake, kuma farashinsa yana hawa da sauka gwargwadon ranar da ka zaɓa. Ka saya ta intanet tun kafin tafiya, ya fi sauƙi a kan na bakin ƙofa, kuma wasu darare tikitin yakan ƙare.

In da hali ka sauya ranar. Asabar ɗin tsakiyar Oktoba tana cikin dararen da suka fi cika a duk kakar. Laraba ko Alhamis sun fi dama nesa ba kusa ba.

Ga lissafin da ya kamata ka riƙe. Ana buɗewa ƙarfe 6:30 na yamma, a rufe ƙarfe 2 na dare a yawancin ranaku. Awa bakwai da rabi ke nan, wato minti 450. Ko da a ce kowane gida minti 45 za ka jira, gida goma sun cinye daren gaba ɗaya, ba ka ci abinci ba, ba ka shiga banɗaki ba, ba a sa tafiya tsakanin gidajen ba. Alhali a dare mai cika, layin gidajen da aka gina a kan fitattun finafinai yakan wuce awa ɗaya da rabi. Shi kuwa gidan kansa minti huɗu ko biyar ka fito. Saboda haka mafi yawan daren a layi za ka yi shi, kuma abin da ka samu a awa biyun farko shi ne ribarka.

Hanya biyu ce. In kana da tikitin rana haɗe da na dare, akwai tsarin da suke kira Stay and Scream: ƙarfe 5 ake sallamar masu yawon rana, kai kuma kafin lokacin ka shiga ɗaya daga wuraren jira da aka killace, su duba tikitinka na dare. Daga nan ake sakin mutane zuwa wasu gidajen tun ba a buɗe babbar ƙofa ba. Da wannan kaɗai mutum zai iya gama gida biyu ko uku kafin taron waje ya kwararo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a shagala a hau wani lilo wajen ƙarfe 5 saura, a fito a tarar wurin jiran ya cika, a koma ƙarshen layi.

In kuma tikitin dare kaɗai gare ka, ka kasance a bakin ƙofa kafin 5:30, domin sau da yawa sukan buɗe kafin lokacin da aka rubuta. Ka sa minti 20 zuwa 30 na ajiye mota da binciken jaka da takawa ta CityWalk, rukunin kantuna da gidajen abinci da ake ratsawa kafin a kai ƙofar. Da an buɗe kada ka faɗa gidan farko da ka gani, nan kowa ke rugawa. Ka miƙe zuwa ƙarshen filin, wajen lilon Men in Black, inda gidajen da ke cikin tantuna suke, ka fara da su. Manyan na gaba ka bar su sai bayan 12 na dare, lokacin jama'a sun fara janyewa. Muddin ka shiga layi kafin a rufe, za a bar ka ka shiga gidan, don haka mafi tsawon layi shi za ka ajiye wa mintunan ƙarshe.

Ba tare da Express Pass ba (ƙarin tikitin da ke ba ka gajeren layi), a daren tsakiyar mako da wannan tsarin, ka sa ran gida shida zuwa takwas. Ranar Asabar ka rage buri.

Maman Iman:

Baban Hauwa, batun yarinya ni dai shawarata a bar ta. Su kansu Universal sun rubuta cewa ba su ba da shawarar a kawo yaron da bai kai shekara 13 ba. Ba haramtawa suka yi ba, za su bar ta ta shiga, amma in ta tsorata a mintin farko ba za a mayar maka da kuɗi ba.

Abin da iyaye ba sa ganewa shi ne tsoron bai tsaya a cikin gidajen ba. Titunan filin ma an ware sassa, galibi biyar, an cika su da hayaƙi da kiɗa mai ƙarfi, 'yan wasa suna yawo cikin jama'a da kwalliyar jini da raunuka. Akwai masu riƙe da injin zarto. An cire masa sarƙar yanka, amma ƙarar ta gaske ce, ƙaurin fetur ma na gaske ne, kuma a dab da kunnenka za a tayar da shi. Ba ka da hanyar zuwa gidajen ba tare da ka ratsa wasu daga waɗannan sassan ba. 'Yan wasan kuma sun iya karantar mutane: wanda ya yi ihu, ko ya ruga, ko ya ɓuya a bayan wani, shi suke bi. Yarinyar da ta ƙanƙame hannun babanta ba za ta ɓace musu ba.

Cikin gidan kuwa jerin gwano ake yi, mutum na bin mutum, ba a tsayawa. Lunguna ne matsattsu masu duhu, tsummoki na rataye suna shafar fuska, wani wurin a feso iska ko ɗan ruwa, wani wurin wari aka saka da gangan. Ɗan wasa yana laɓe a wani ɗan loko cikin bango, sai ya danna maɓalli ko ya taka wani abu a ƙasa, fitila ta haska, ƙara ta tashi, ya faɗo gabanka na daƙiƙa biyu ya koma. Shi ya sa wani lokaci za ka ga na gabanka ne ya sha firgitar, kai ka iso lokon shiru. Dabarar ita ce ka bar tazarar taku biyu tsakaninka da na gaba, kada ka wuce haka, domin akwai ma'aikata masu baƙaƙen kaya a ciki da za su ce ka matsa.

Dokoki uku a gaya wa ƙanen naka tun a gida. Ba za su taɓa shi ba, shi ma kada ya taɓa su. Wanda ya kai hannu ko da cikin firgita ne ana iya fitar da shi daga filin. Ba a ɗaukar hoto ko bidiyo ko kunna tocilan waya a cikin gida. Ba a shiga da abin rufe fuska na wasa ko shigar dodanni. Wanda abin ya fi ƙarfinsa a tsakiya ya yi wa ma'aikaci magana, akwai ƙofofin fita a gefe.

Mai farfaɗiya, mai asma, mai ciwon zuciya da mai juna biyu su yi nesa da gidajen, saboda fitilu masu walƙiya da hayaƙin. In ana son Hauwa ma ta samu nata, Mickey's Not-So-Scary Halloween Party na Magic Kingdom, filin shaƙatawa na Disney, don yara aka yi shi, alewa da fareti ne, daga 7 zuwa 12 na dare.

Abu Sadik:

Lissafin Malam Ɗanjuma daidai ne, sai dai ga mai dare ɗaya tak, zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. Express Pass yana ba ka gajeren layi sau ɗaya a kowane gida, kuma shi ne tabbatacciyar hanyar gama goman. Yana da tsada, a dare mai cika yakan fi tikitin kansa kuɗi, kuma bai maye gurbin tikitin ba, ƙari ne a kansa. A kula sosai: Express ɗin da ake samu kyauta a manyan otal-otal na Universal ba ya aiki a wannan daren, haka ma wanda aka saya don rana. Nasa daban ne. Kuma kada a ƙona shi da wuri lokacin da layi bai kai minti 15 ba. A bi layin kowa da kowa da farko, a fito da shi daga ƙarfe 8, har a maimaita gidan da ya fi daɗi.

Takalmi rufaffe mai laushi, domin layukan suna zagayawa ta bayan gine-gine, kuma ƙofar fita takan jefa ka nesa da inda ka shiga. Orlando akwai zafi da gumi har cikin dare, ruwa kuma yana iya saukowa ba sallama, yawancin layukan a fili suke. Rigar leda ta fi lema amfani a cunkoso. Ruwan sha kyauta ne in ka nema a kantunan abinci. Oktoba tana cikin lokacin guguwa, Ian a 2022 da Milton a 2024 duk sun sa an soke wasu darare, saboda haka a riƙa duba hasashen yanayi.

Abinci a tambaya kafin a saya. Soyayyen dankalin nan da ake rububi, mai cuku da miyar tumatir, da naman alade ake haɗa shi. Ana kuma sayar da giya a ko'ina, bayan 11 za ka ga alamarta a layi.

Baban Hauwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yanke ni da ƙanena kawai za mu je, ranar Alhamis. Saura batun salla, na ga lokacin Magariba zai same mu a ciki.

Malam Ɗanjuma:

Haka ne, a tsakiyar Oktoba rana tana faɗuwa a Orlando wajen ƙarfe 7 saura, daidai lokacin da layuka ke da sauƙi. La'asar kuma tana shiga wajen 4:30, sai ku yi ta kafin ku shiga wurin jira, domin in ka fita daga layin ka rasa gurbinka. Ku riƙe alwala, ku sa ƙaramar darduma mai naɗewa a jaka. Mai ɗaukar rangwamen matafiyi zai iya haɗa Magariba da Isha'i. In kuma a kan lokaci za ku yi, kada ku shiga layin da manhajar Universal ta nuna ya wuce minti 20 bayan 6:30. Ofishin kula da baƙi yana kusa da babbar ƙofa, ku tambaye su tun da rana inda za ku samu wuri mai natsuwa, don kada ku tsaya nema cikin hayaƙi da duhu.