Kwana 16 da haihuwa, nono ya ƙi zuwa: me ya rage a duba?

Assalamu alaikum 'yan uwa ungozomomi da ma'aikatan jinya. Don Allah a taimaka da shawara kan wata mai jego, haihuwar fari. An haifi jaririn da kilo 3.2, yau yana 2.9, alhali cikin mako biyu ya kamata ya dawo nauyinsa. Fitsarinsa bai wuce sau huɗu a yini ba.

An gyara kamun nono: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa a waje, haɓa manne da mama. Tana shayarwa sau 10 dare da rana, tana tatsa da hannu bayan kowace shayarwa, abin da ke fitowa ko cokali biyu bai kai ba. Ba ta shan ƙwayar tazarar haihuwa. Kunun kanwa kam ta sha har ta gaji.

Abin da ya tsaya mini a rai, ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, jinin biƙi har yanzu ja wur yake, maman kuma bai taɓa cikowa ba. Ragowar mabiyiya ce ke danne nonon, ko zubar jinin? Hoton mahaifa za a fara yi, ko gwajin jini? An soma ƙara masa madarar jarirai a kofi. Mililita nawa ya dace a kowane sha, yadda ba zai saki mama ba?