Masu fita aiki, yaya kuke tsara girkin mako?

Maman Huɗu, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan Kano. Ƙarfe 7:00 na safe nake fita, ba na dawowa sai 2:30, wata rana har 3:00 in Adaidaita ta yi wuya. Yarana 4, babbar shekararta 13, auta 3. Maigidan yana kasuwa, sai bayan Magariba yake shigowa. Ga kuma Hajiya, mahaifiyarsa, tana tare da mu, ita kuwa in ba tuwo ta ci da dare ba, a wurinta da yunwa ta kwana. Mu 7 ke nan a tukunya ɗaya.

Kullum tun ina hanya nake tunanin me za a ɗora. In na shiga kicin sai in tarar attarugu ya ƙare, ko a aiki yaro markaɗe ya dawo ya ce babu wuta, ga Islamiyya ƙarfe 4:00. Sai a ƙare a taliya da manja da yaji. Makon jiya sau 4 muka ci ta. Ranar Laraba ina kallon yarona na biyu, ya buɗe kwanonsa, ya duba, ya mayar da murfin a hankali, bai ce komai ba. Wallahi har na kwanta abin yana raina.

Na taɓa rubuta jadawali na manna a jikin firij: Litinin shinkafa da miya, Talata ɗan wake, Laraba faten doya. Bai kai Alhamis ba ya wargaje, don ranar faten babu doya a gidan, kuɗin cefanen ranar kuma bai isa saye ba. Muna da ƙaramar firiza, sai dai wutar unguwarmu ba ta tsayawa. Da gas nake girki, tuwo kuma a gawayi. Don Allah yaya kuke yi?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata 19 ina aikin jinya, yau aikin safe gobe na dare, a haka na raini yara 5. Kin fara jadawalinki daga sunan abinci ne, shi ya sa ya rushe. Ki fara daga miya. Shinkafa ai ita ke dafa kanta. Abin da ke cinye mana rana shi ne gyaran kayan miya, da aiken markaɗe, da zaman jiran ruwan tumatir ya tsotse. In kika kwashe wannan aikin kika kai shi Asabar, kin sauke rabin nauyin makonki.

Ni Asabar da sassafe nake shiga Yankaba in sayo tumatir da tattasai da attarugu da albasa na mako guda. A wanke, a markaɗa gaba ɗaya, a juye a babbar tukunya a kan gawayi, kada ki ɓata gas ɗinki. Ina jefa 'yar kanwa kamar ƙwayar wake don ta kashe tsami. Sai ki bar shi ya yi ta tafasa ba murfi. Kada ki yi gaggawar saukewa, nan ne mata da yawa suke kuskure. Sai ya yi jajir ya kama jikinsa, in kika ja ludayi a gindin tukunya hanyar ta tsaya ba ta rufe nan take ba. Daga nan ki zuba man gyaɗa ki soya har man ya taso ya rufe samansa. In ya huce ki raba a ƙananan robobi 6 ko 7, kowace ta girki ɗaya. Kada ki tara shi a babbar roba guda kina narkarwa kina mayarwa.

Nama ma ranar za ki tafasa shi da albasa da citta da tafarnuwa, ki soya, romon ki zuba a tasa robar.

To duba abin da ke hannunki yanzu. Roba ɗaya da nama, miyar dage-dage ta haɗu kafin shinkafa ta nuna. Roba ɗaya da ruwa da shinkafa, dafa-duka ce. Cokali 2 a romo da daddawa, ki kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa, miyar Hajiya ta samu. Ki ƙara kabewa da gyaɗa da alayyahu da 'yar yakuwa, ta zama taushe. Ba sai kin yanke tun Lahadi me za a ci Laraba ba. Ranar ki duba ƙarfin jikinki da abin da ke gidan, ki zaɓa.

Batun firiza: ki cika ta. Duk wurin da ya rage ki cusa robobin ruwa su daskare. Cikakkiyar firiza in ba a buɗe ba tana riƙe sanyi kusan awa 48 bayan an ɗauke wuta, wadda take rabi kuwa kusan awa 24. A zafin Afrilu ni ba na sakin jiki da wannan lissafin, don haka sau ɗaya nake buɗewa, da asuba, in ciro na ranar in rufe. Abin da ya narke amma da sauran sanyinsa a dafa shi ranar.

Sai abu guda da nake roƙon kowace uwa. Kada dafaffiyar shinkafa ta kwana a waje a zafin nan, a ɗumama wa yara da safe. Akwai ƙwayar cuta da ke yaɗuwa a cikinta, dafin da take bari kuma ɗumame ba ya kashe shi. Mun sha karɓar yara da amai a kan haka.

Tuwon Hajiya kuwa, ki riƙa tuƙa na masara ko na dawa na kwana 2, ki malmala, ki ajiye na gobe a firij. Miyar kawai za ki sauya.

Inna ta Gwale:

Allah ya yi miki albarka 'yata, da kika damu da cikin iyalinki. Maganar Nas gaskiya ce, amma ni ban taɓa mallakar firiza ba, kuma mutum 11 nake ciyarwa. Rana ce firizata.

Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin Kadawa da Kura yake cika kasuwar Kwanar Gafan, nake sa a sayo mini kwando. Mu yanka, mu shanya a tabarma mai tsabta a kan soro, mu rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu. Da tumatir da tattasai duk kauɗa nake yi. In damina ta shigo tumatir ya zama na masu kuɗi, sai in jiƙa tawa da ruwan zafi in jajjaga a turmi, ba ruwana da injin markaɗe. A 2016 da tsutsa ta cinye tumatir a gonakin Kano, kauɗa ce ta rufa mana asiri.

Ki haɗa garin ɗan wakenki na wata guda, da wake da rogo da kuka, ranar girki ruwan kanwa kawai za ki kwaɓa da shi. Ki surfa wake ki shanya ki niƙa, ga alale ga ƙosai ba jiƙo ba wanki. Ki daka daddawa da citta da masoro ki zuba a kwalba. Gyaɗa ki soya sama-sama ki niƙa, ta kunun safe ce, ta taushe ce. Babbar 'yarki kuma ta isa saka ɗan wake, ki tsaya a kanta sau 2 za ta iya. Amma kada ki sakar mata kicin, karatu ne a gabanta.

Baban Yara:

Malama, a yi mini afuwa na shigo zancen mata. Na lura da inda kika ce kuɗin cefanen ranar bai isa ba. Muddin kullum da safe ake ajiye kuɗin cefane, babu tsarin mako da zai tsaya, domin mai sayen gwangwani-gwangwani a shagon unguwa shi ya fi kowa biya da tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a 29 ga Mayu 2023, kuɗin zirga-zirga kaɗai ya isa ya sa mutum ya rage zuwa kasuwa.

Ni lokacin kaka nake zuwa kasuwar Dawanau in sayi masara da dawa da wake. Taliya da mai da sukari kuma a kasuwar Singa, wata-wata. Na kayan miya da nama nake damƙa wa uwargida daren Juma'a, na mako gaba ɗaya. Waken kada a zuba masa maganin ƙwari, saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. A busar da shi sosai, a cika jarka mai tsabta har baki, a toshe murfin da leda yadda iska ba za ta shiga ba, ko a sa a buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai hawa 3 da ke hana iska shiga. Ƙwarin da kansu suke mutuwa.

Ki samu maigidan lokacin da hankalinsa yake kwance, ki nuna masa lissafin a takarda. Ɗan kasuwa ne, zai gane.

Maman Huɗu, Rijiyar Zaki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada tukuna, yau mako 2 ke nan.

Maigidan ya yarda da na mako, na wata ya ce sai bayan Sallah. Na yi soyayyen kayan miya roba 6, na haɗa garin ɗan wake. Makon nan sau 1 aka ci taliya, ita ma da miya da ƙwai.

Tuwon kwana 2 ne bai karɓu ba. Hajiya ta ce ɗumame na safe ne, ba na dare ba. Amma da ta gan ni Asabar a tsakar gida da kwandon tattasai, sai ta jawo kujera 'yar tsugunno ta karɓi wuƙa. Ta ce da ma zaman shiru yana damunta, ba ta son ta sa mini hannu a kicin ne ban nema ba. Yanzu kafin in dawo ta tsince wake, ta gyara zogale, ta tankaɗe garin tuwo, ni tuƙi kawai nake yi.

Anti Nas, tambaya ɗaya. Robar da na ciro ranar Alhamis ta ɗan yi tsami, sai zubarwa na yi, alhali ta Laraba lafiya ƙalau. Mun kwana 2 babu wuta a makon. Wutar ce, ko ban bar shi ya tsotse sosai ba kafin in zuba mai?