Masu shan Armour da NP Thyroid, yaya kuka yi da bugun zuciya?

Maman Ilham, Amurka:
Assalamu alaikum. Thyroid ɗina, wato glandar nan ta gaban wuya, ba ta aiki yadda ya kamata. Na daɗe ina shan levothyroxine, maganin da ke cike gurbin sinadarin da take fitarwa, gwajin jini na TSH da ake duba aikinta da shi kullum lafiya lau, amma kasala da jin sanyi sun ƙi barina. Sai likita ta mayar da ni kan wani maganin thyroid ɗin, Armour Thyroid, miligiram 60. Kasalar ta ragu, sai dai da hantsi gabana ya riƙa faɗuwa, hannu na rawa, ga gumi. Kafin la'asar kuma na yi laushi. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, ni ma haka na sha. Aikin T3 ne. Sinadarai biyu thyroid ke fitarwa, T4 da T3; levothyroxine T4 ne kaɗai, Armour kuwa ya haɗa duka biyun. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 60 tana ɗauke da T4 maikirogiram 38 da T3 maikirogiram 9, wato kusan huɗu bisa ɗaya, alhali jikin mutum kusan 14 bisa ɗaya yake fitarwa. T3 kuwa ba ya jira, cikin awa biyu zuwa huɗu ya cika jini, daga nan ya fara sauka. Shi ya sa kike tashi da hantsi ki faɗi da la'asar. Ni likitana da 30 ya faro ni, yana ƙara 15 a hankali, daga baya ya ce in raba, rabi da asuba rabi da rana kafin abinci. Rawar hannun ta tafi. Amma kar ki raba da kanki, ki kira likitarki. Kuma ranar gwaji ki bari a ɗebi jinin kafin ki sha, in ba haka ba T3 zai fito sama, a rage miki abin da bai kamata ba.

Baban Sadiq:
Ni dai ban yarda da rabawa kaɗai ba. Mahaifiyata ta haura 65, ta ji daɗin NP Thyroid, wanda irin Armour ɗin ne, sosai, har TSH ɗinta ya kusa ɓacewa, tana cewa ƙalau take. Ƙarshe bugun zuciyarta ya rikice muka kwana a asibiti. Likitan zuciya ya ce maganin ne ya yi yawa, kuma in an daɗe a haka ƙashi ma lalacewa yake. An mayar da ita levothyroxine. In akwai ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, asibiti za ki nufa a ranar.

Ummi:
Maman Ilham, ki duba me kike haɗawa da shi. Maganin ƙarin jini da na kalsiyam, awa huɗu tsakaninsu da shi. Karin kumallo sai bayan minti 30 zuwa 60. Da azumi nakan sha da na farka, sannan in ɗora sahur. Masu shan biotin don gashi, a ajiye shi kwana biyu kafin gwaji, yana ɓata sakamako. Bayan kowane canji, gwaji sai mako 6 zuwa 8.

Hajiya Rabi, Ingila:
Ba wanda ya taɓo babbar maganar. Daga thyroid ɗin alade ake busar da shi, Armour ɗin da NP ɗin duka, a rubuce yake a takardar cikin kwali. Da na tambayi malaminmu ya ce larura sai in babu madadi, nan kuwa akwai. Yanzu levothyroxine nake sha da ɗan liothyronine, T3 ɗin da ake haɗawa a masana'anta, kuma kowanne ana iya motsa shi shi kaɗai. Kowa dai ya tambayi malaminsa. Mai neman haihuwa kuma ta faɗa wa likita tun wuri, da juna biyu levothyroxine ake so.

Maman Ilham:
Innalillahi, Hajiya, alade? Na ciro takardar yanzu, ga shi kuwa. Na gode muku duka. Gobe zan kira likitar. Hajiya, liothyronine ɗin nawa aka fara miki, kuma sau nawa a rana?