Neman shawara: sauya iskar gauraye a na'urar maimaita numfashi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu nutso. Don Allah a taimaka mini, wannan matsala ta hana ni sakat.

Ina nutso a Bahar Maliya da na'urar da ke tace numfashi ta dawo da shi. In zan sauka mita 70, iskar gaurayena oksijin kashi 10 ce, hiliyom kashi 50. A ƙasa lafiya lau, amma a saman ruwa ƙarfin oksijin ɗinta (matsin oksijin a cikin iskar da ake shaƙa) 0.1 ne kacal, mutum na iya suma bai ankara ba. Shi ya sa nake farawa da iska zalla, irin wadda muke shaƙa kullum, daga tukunyar da ke gefena.

Wurin sauyawa ne nake shan wahala. Makon jiya a mita 20, da zan koma kan tukunyar gefe, na ɗauki kusan minti 2 ina laluben bakin tiyo da safar hannu, ya ƙi shiga. Da ya shiga kuma, bawul ɗin da ke zuba iska da kansa bai daina jawo iskar gauraye daga tukunyar da ke bayana ba, lissafin kwamfutata ya rikice.

Shin makulli zan sa wa bawul ɗin, ko in haɗa tukwanen biyu a mahaɗa ɗaya mai juyawa? Sau nawa kuke wanke zagayen numfashi (fitar da tsohuwar iskar da ke cikin na'urar a cika ta da sabuwa) bayan sauyi? Na gode.