Gargaɗin makro ya hana ni sakat a shagon Kawu

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a taimaka. Kawuna yana da shagon kayan gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi. Shekara da shekaru a littafi suke rubuta kaya da bashi, har ranar da ruwa ya shiga shagon ya jiƙe littattafai biyu, masu bashi kuwa kowa ya ce ya biya. Shi ne na ce zan haɗa masa rumbun bayanai da Access, manhajar Microsoft Office ta adana bayanai. Wata uku ina fama, ga dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ga yaran shago suna cewa ɗan boko ya zo cinye kuɗin Alhaji, alhali ko sisi ban karɓa ba, shi ya biya min makaranta. Yanzu an gama, amma da an buɗe sai gargaɗi ya fito wai fayil ɗin na iya zama haɗari saboda makro, wato ƙananan umarnin da ke aiki da kansu a cikin fayil. Kawu ya gani ya ce cuta na sa masa a kwamfuta. Na ƙara layi a Inno Setup, manhajar da na haɗa fayil ɗin girkawa da ita, ya mai da VBAWarnings, saitin gargaɗin makro, zuwa 1 a rajista (ma'ajiyar saitunan Windows) lokacin girkawa, don gargaɗin ya daina fitowa. A laftof ɗina lafiya lau, a shago kamar ban yi komai ba. Asabar Kawu zai dawo daga Tamale.

Injiniyan Alabar: Wa alaikumus salam. Ƙanena, lambar sigar Office ka kuskure a rajista, ba wani abu ba. Office 2007 shi ne 12.0, 2010 shi ne 14.0, 2013 kuma 15.0, daga 2016 zuwa yau duk 16.0. Rubuta 1 ɗin nan a ƙarƙashin dukkan huɗun ka je ka yi barci. Haka nake yi tun kana firamare.

Malama daga Madina: Injiniya, Allah ya ƙara girma, amma 1 ɗin nan buɗe ƙofa ce ga kowane fayil na Access, ba nasa kaɗai ba. Yaro ya soka filashi da wani fayil, makro ɗinsa ya tashi babu tambaya. A bar shi a 2 yadda ya zo. Ɗan'uwa, a ƙarƙashin Access\Security a rajista akwai Trusted Locations, wato jerin foldojin da aka amince da su. Ka ƙirƙiri Location1, ka sa Path ya nuna foldar da manhajarka take. Ita kaɗai za a amince wa.

Mai shayi a Nima: Ni dai shawarata ka karɓi kuɗinka. Na yi wa wani mai kantin magani irin wannan aikin, yau shekara biyu cikon sidi 800 ina bi, kullum MoMo ɗinsa, asusun kuɗi na waya, ce ba ta aiki. Amma firinta ta tsaya, ƙarfe shida na safe zai kira ni.

Injiniyan Alabar: Malama, wannan karatun aji ne. Shagon kayan mota ne fa, ba banki ba. Wa zai zauna ya rubuta wa Alhaji mugun makro?

Ɗan Aboabo: Na gode Malama, amma Runtime na sa musu, wato sigar Access mai buɗe manhaja kawai, babu wajen saitin amincewa a cikinsa, shi ya sa na bi ta rajista. Kuma yaran ba sa taɓa komai, na gargaɗe su.

Malama daga Madina: Ai abin da na faɗa ma ta rajistar ake yi. Wace shekarar Runtime ka sa?

Baban Asawase: Yaro, wa ya danna girkawar? Saitin nan a HKEY_CURRENT_USER yake, wato na mai asusun da ya yi aikin. In yaran da ƙaramin asusu suke shiga, aka sa kalmar sirrin babban asusu don a girka, to can saitinka ya tafi, su ba su samu ba. Sannan in ta imel ka tura fayil ɗin, tun 2022 Microsoft ke toshe makro na abin da aka sauko daga intanet, wannan shinge ne daban.

Injiniyan Alabar: Baba, duk zagaye ne. Lamba ce. Ya gwada ya dawo ya ba ni labari.

Ɗan Aboabo: Baba, girkawar ta tafi daidai, ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba, don haka ba na jin nan ne. Kalmar sirrin dai tana wajen ɗan Kawu, shi kuma tare suka tafi Tamale. Ko akwai hanyar canza rubutun gargaɗin kawai, ya daina cewa haɗari?

Mai shayi a Nima: Ka ce masa ya biya ka tukuna.